Shuɗiyar Fitilar da Ta Kusa Hana Ni Aure

Zan iya manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ban da watannin nan da wata fitila, wadda tsawonta bai kai kamu biyu ba, ta kusa raba ni da matar da nake so. Yanzu shekaru sun ja, 'ya'yanmu har sun yi wayo, amma duk sanda maganar ta taso a gidanmu na Talata Mafara sai an yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma ina taya su. A lokacin kuwa, in ka yi mini dariya sai mun ɓata.

Bautar ƙasa ce ta kai ni Legas, kuma ɗakin da na kama yana bayan shagon wani mutum mai sayar da kifin ado. A ƙuryar shagon akwai wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Kifayen cikinsa ba su taka kara sun karya ba, abin kallon shi ne wasu halittu da ke manne da duwatsu, suna kaɗawa a hankali, suna buɗewa suna rufewa. Na tambaye shi, ya ce murjani ne. Ni da na taso na san murjani a wuyan kakata kawai, sai ga shi ana nuna mini shi da ransa. Karatun halittu na yi, amma a takarda kaɗai na taɓa haɗuwa da shi. Daga ranar na tare a shagon nan. Na koyi haɗa ruwa, na koyi auna gishiri, na koyi wanke gilashi ba tare da na firgita kowa ba. Da zan dawo gida mutumin ya yanko mini 'yan ƙanana ya sa a kula mai riƙe sanyi, na rungumo ta a cinya tun daga tashar Legas har Mafara. Direba ya yi ya yi in sa ta a but, na ce sai dai ni a sa ni.

Ɗakina na samari yana jikin zaure, tagarsa tana kallon titi. Nan na kafa akwatina. Na samu aikin koyarwa a wata sakandare, duk abin da ya shigo hannuna kuma can yake tafiya: sola da batir don kada injin juya ruwa ya tsaya, fanka da ke hura saman ruwan don ya yi sanyi, da gishirin teku na musamman da ake aiko mini a ƙananan buhuna, don na miya ba ya yi. Ƙofa kullum a rufe saboda zafi, labule a sake.

Duk cikin hidimar babu abin da ya ci mini rai irin zaɓen fitila. Murjani dabba ne, amma a cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke karɓar haske su haɗa masa abinci. In haske ya yi kaɗan yunwa ta kama shi. In ya yi yawa, musamman in ya zo masa farat ɗaya, sai ya kori tsirran nan daga jikinsa ya koɗe, in ba a yi sa'a ba ya mutu. Kafin in samu fitilar kirki na lallaba da farin ƙwan lantarki irin na ɗaki, gansakuka ta rufe gilashin, murjanin suka koma kalar kunun kanwa. Akwai wata babbar fitila da masu abin suke yabo, amma zafin da take fitarwa, a garin da ruwan randa ma yake ɗumi da bazara, dafa su kawai za ta yi. Akwai dogayen ƙwayaye irin na ofis, su kuma sai an riƙa canja su, ga shan batir. Na kwana na tashi a kan maganar har Inna, mahaifiyata, ta fara tambaya ko ba ni da lafiya. A ƙarshe na tsaya a kan wata shimfiɗaɗɗiya mai ƙananan ƙwayaye a jere, shuɗaye sun fi farare yawa, ba ta zafi, da maɓallai biyu na murɗawa, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. Dalilin shuɗin kuwa, a ƙarƙashin teku sauran launukan hasken rana tun a sama suke ƙarewa, shuɗi ne ke kaiwa ƙasa, da shi murjani ya saba.

Da ta iso na rataye ta sama da ruwan, na fara daga can ƙasa, ina ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako. Masu son haske na ɗora su a saman duwatsu, masu kunya na sa su a ƙasa cikin inuwa. Na saita ta tana kamawa da azahar ta mutu bayan isha'i, don in dawo daga makaranta in same ta a kunne. Ranar da na fara kashe farin bayan magariba na bar shuɗin shi kaɗai, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Abubuwan nan da nake gani ruwan ƙasa sai suka kama ci da wuta, wannan kore shar, wancan ruwan goro, wani da ɗigo-ɗigon shunayya a tsakiya. Na tashi na yi rawa ni kaɗai a ɗaki, na zauna, na sake tashi. Tuwon da aka aiko mini ranar a rufe ya kwana.

Farin ciki irin wannan ba ya zama a cikin mutum ɗaya. Na fara jawo abokaina, amma da sharaɗi: ka shigo ka rufe ƙofa, kuma kada ka gaya wa kowa. Tsorona yaran unguwa, don na san in suka ji akwai kifi sai sun jefa musu tuwo, ga kuma bakin mutane. Sai ya zama kullum bayan magariba samari suna sulalewa cikin ɗakina ɗaya bayan ɗaya, a jawo ƙofa, tagar ta yi shuɗi, injin yana ta gurnani. Bayan wani lokaci su fito suna layi don daɗi, suna tafa hannu, suna cewa yau sun ga abin da ba su taɓa gani ba. In an tambaye su me suka gani, su ce an hana su faɗa. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa tsallaka titi na kalli tagata daga can ba.

Ana cikin haka na haɗu da ita. Malama ce 'yar Bakura, a wani taron bita na malamai muka zauna benci ɗaya, ta gyara mini wani lissafi a gaban mutane ba ta ko ji tausayina ba. Ita ce 'yar fari a wajen mahaifinta, wani dattijo manomin shinkafa da ba a yi masa wargi. Magana ta yi nisa, Baffa, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe mu tun rasuwar mahaifin namu, ya ɗauki goro ya je gaisuwa. Aka karɓe shi hannu biyu, aka ce a ba su lokaci su yi bincike, kamar yadda aka saba. Ni ko a jikina. Ba na shan komai, ba na faɗa, sallata a jam'i. Na ce su bincika har ƙarƙashin gadona.

Wata ranar Juma'a malamar ta kira ni. Ko gaisuwar ba ta bari mun gama ba.

"Malam, wai mi kaka yi cikin ɗakinka bayan magariba?"

Na ce ai ta sani, na sha nuna mata hotuna.

"Ni na sani. Baba bai sani ba. An gaya mai ɗakinka shuɗiyar wuta aka kunnawa awa gidan rawa, samari na shiga su kulle, su hito suna tangaɗi. An ce har wani hwarin gari aka kawo maka cikin buhu daga Legas."

Na fashe da dariya, ita ma ta ɗan taya ni. Ta ce in daina dariya, don mahaifinta ya ce a dakata da maganar sa rana, kuma ita ba za ta iya tsayawa gabansa ta yi masa bayanin abin da ke cikin ɗakin saurayi ba, sai ya tambaye ta yadda aka yi ta sani. Nan dariyar ta maƙale mini. Ashe masu binciken dattawan da ke zama a dakalin masallacin unguwarmu suka tambaya, su kuma abin da idonsu ya gani suka faɗa, ba su ƙara ko gishiri ba.

Kafin yamma maganar ta iso cikin gida. Inna ta tsare ni a bakin madafi da muciya a hannu.

"Ɗan nan, dut garin ga an rasa mai kunna wutar gidan rawa sai kai? Hwarar wuta mi tay yi maka?"

Na yi bayanin teku, na yi bayanin tsirran da ke cikin jiki, Baffa yana gefe a kan tabarma yana saurare yana gyaɗa kai. Na ɗauka ya gamsu. Ashe daga duk bayanina kalma ɗaya ya tsinta ya sa a aljihu, wato tsiro.

Washegari na tafi Maradun sunan ɗan abokina. Niyyata in juyo a ranar, amma aka ce hanya ba ta da kyau, kowa ya zauna inda yake, sai na ƙara 'yan kwanaki. Hankalina a kwance, don fitila tana kunna kanta tana kashe kanta, kuma na bar wa Inna mabuɗi don a riƙa ƙara ruwa.

Da na dawo, tun daga bakin titi na ga tagata a wangale, labule a naɗe. Na shiga da gudu. Fitilata babu ita. A madadinta an rataye wata ƙatuwar farar fitilar sola, irin wadda Baffa yake haska rumbun albasarsa da ita, tana huci dab da ruwan, ga ranar hantsi ta shigo ta taga tana taya ta. Murjanin da ke saman duwatsu sun yi fari fat. Na ƙasa sun dunƙule sun rufe ruf. Wani kore da na fi so, wanda ya shimfiɗu a kan dutse kamar ciyawar fadama, ko gashi ɗaya bai fito da shi ba. Na durƙusa a gaban gilashin.

Sai ga Baffa a bayana, fuskarsa fal murna.

"Ka gani ko? Ba kai kac ce shuka na cikin jikinsu ba? Ni da nit tsufa ina noman albasa Bakolori, ban taɓa ganin shukar da ta ƙi rana ba. Dare da rana nib bar masu ita. Dibi yadda sunka yi hwari tas, awa an wanke su an sa bula."

Ban taɓa jin haushi da son mutum a lokaci ɗaya irin na ranar ba. Tsohon nan da kansa ya hau kujera ya rataya fitilar, ya bar albasarsa a duhu, don ya wanke mini suna kuma ya ciyar da dabbobina. Na kashe ta, na rufe tagar, na ce masa a hankali farin nan da yake gani ba tsabta ba ce, ciwo ne, wasu ma sun riga sun tafi. Murnar ta bar fuskarsa. Amma da na ce ya ba ni fitilata in kunna musu ita can ƙasa ko Allah zai sa saura su farfaɗo, sai ya murtuke.

"Tana ƙarƙashin gadona, kuma nan za ta zamna sai an ɗaura. Ni na kai goro gidan mutane. Ka zaɓa, ko mata ko duwatsu."

Na roƙa, na turo Inna ta roƙa, ko gezau. Kwanakin da suka biyo baya ban san me na koyar a aji ba. Na lulluɓe akwatin da gidan sauro, ina barin ɗan hasken da ke ratsa labule ya shiga, na canja ruwa, na cire waɗanda suka mutu ina jin kamar in yi kuka. Sauran ba su mutu ba, ba su kuma buɗe ba. Na san in suka daɗe haka yunwa za ta ƙarasa abin da rana ta fara. Na kuma san in shuɗin nan ya sake bayyana a taga, Baffa ba zai ƙara taka Bakura ba. Da na gaya wa malamar halin da nake ciki, abin da ta ce kawai shi ne mahaifinta yana shigowa kasuwar Talata, in zauna kusa da gida.

Ranar Talata bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Na leƙo, sai ga dattijon nan tsaye da babbar riga, ƙurar kasuwa a takalminsa. Na zube ƙasa. Baffa ya fito yana gyara hula, aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa: gida, iyali, gajiya, ruwa, shinkafa, albasa, mutanen Bakura, mutanen Mafara, aka sake komowa kan gajiya. Ni ina durƙushe a gefe. Sai da aka gama tas sannan ya ce:

"Ni ba ni yanke ma ɗan mutane hukunci da abin da anka gaya mani. Wutar nan niz zo gani."

Baffa ya yi farat ya ce, "Ai an cire ta, Alhaji. Tuni. Ni da kaina."

"To a maido ta."

Har yau in na tuna Baffa yana fitowa daga cikin gida rungume da fitilar nan, yanar gizo a hularsa, yana harara ta ta gefen ido, sai in ji dariya ta taso mini. Muka shiga ɗakin mu uku. Na rataya ta, na cire gidan sauron, na ce a yi haƙuri zan rufe ƙofa. Dattijon ya ce in yi duk yadda nake yi in samari sun zo. Na murɗa maɓallin shuɗin kaɗan, iyakar abin da zai kama.

Ɗakin ya yi shuɗi. Farar rigarsa ta yi shuɗi, gemun Baffa ya yi shuɗi. Da farko babu abin gani sai duwatsu. Can sai gefen wani da ke ƙasa cikin inuwa ya ɗauki ruwan goro. Wani ya biyo shi. Dattijon ya tattare riga ya zauna a ƙasa, hancinsa dab da gilashi. Muna kallo, sai koren nan nawa ya turo gashi ɗaya, ya buɗe shi kamar ƙaramin tauraro, wani ya fito a gefensa, suka fara kaɗawa. Ni da na yi niyyar kame kaina a gaban manya, ban san sanda na ce "Alhamdu lillahi, yana da rai" da ƙarfi ba.

"Ikon Allah," in ji shi, a hankali. "Wanga abu rai garai?"

Na ce rai gare shi, Baba. Ya tambayi abin da yake ci, na faɗa. Ya tambayi farin garin, na jawo buhun, ya lakata ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Ya nuna waɗanda suka koɗe ya ce su kuma me ya same su. Na ce rana ce ta yi musu yawa. Baffa ya yi gyaran murya ya ce shi ne ranar. Dattijon ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa, ya ce shi ma da abin da zai yi ke nan. Sannan ya juyo gare ni.

"Ƙara wutar, yaro, in gani da kyau."

Na ce, "Ba a ƙarawa, Baba. Yau iyakarta ke nan."

Baffa ya mintsine ni a cinya har sai da na motsa. Mutumin da nake neman 'yarsa, ya tako har ɗakina, ya roƙi abu ɗaya, na ce a'a. Ya dube ni ya daɗe. Na yi saurin bayani cewa ba su da lafiya, in aka ƙara musu yanzu za su ƙarasa, sai dai kaɗan kaɗan, mako mako.

"Mako mako," ya maimaita. "To Talata mai zuwa a jira ni, kar a ƙara sai ina nan."

Kiran magariba ne ya tashe shi. Ya tafi bai ce uffan a kan aure ba.

Talata ta zagayo, sai ga shi. Na murɗa maɓallin ɗan mitsitsi a gabansa, ya gyaɗa kai kamar an zuba taki. Wata Talatar ya sake zuwa, da tsarabar rake. Kafin wani lokaci ya san kowane murjani da mazauninsa, yana shigowa zai ce mai ruwan goron nan ya ƙara faɗi, ko ya ce koren ya ci gefen dutse. Shi ya lura na sama sun fara maido launi kafin ni in lura. Baffa, da ya rantse ba ruwansa, ya koma shi ke riƙe wa baƙo labule. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni: murjanina suna farfaɗowa, surukin gobe ya zama abokin hira. Ina tafiya makaranta ina murmushi ni kaɗai har ɗalibai suka fara zunɗena.

Sai dai Talata tana bin Talata, maganar sa rana shiru. Baffa ya aika a tuntuɓa, aka ce ana nan ana shawara. Ya sake aikawa, aka ce ai ba gaggawa. Murnata ta fara tsami. Na ce ko dai a'ar nan da na ce masa ce take bina. Na kira malamar na ce don Allah ta bincika mini, ni ma lokacin bincikena ya yi.

Da ta kira ni bayan kwana biyu dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce ta samo bakin zaren daga mahaifiyarta. Wai dattijon tun ranar farko ya gama yarda da ni, har ya ce yaron da ya iya ce masa a'a don wani abu mai rai ba zai wulaƙanta 'yarsa ba. Matsalar ita ce, ranar da aka sa rana ya zama suruki. Suruki kuwa, balle uban 'yar fari, ba ya shiga ɗakin mijin 'yarsa, ba ya zama da shi gwiwa da gwiwa, ko haɗa ido sai da dalili. Shi kuma yana so ya ga ranar da koren nan zai rufe dutsensa gaba ɗaya, wutar kuma ta koma inda take da.

"To Malam," ta ce, "murɗe ta gaba ɗaya mana a huta."

Na ce in na murɗe ta su mutu, in su mutu kuma ban san da idon da zan kalli mahaifinta ba. Na leƙa dutsen na auna abin da ya rage da ido. A yadda koren yake tafiya, sai an girbe shinkafa an sake shuka wata. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na je na zayyana wa Baffa komai.

Baffa ya murza gemu. Can ya ce, "Ɗakinka na ba ya shiga. Zaure kau nawa na."

Washegari da sassafe muka hau kwashe akwatin zuwa zaure. Duk wata roba da bahon wanka da ke gidan sai da aka fito da su, Inna tana faɗa tana miƙo wasu. Aka kwashe ruwan, na ɗauki murjani ɗaya bayan ɗaya a kwanon sha, abokaina suka ciccibi akwatin suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai, Baffa a gaba yana ba da umarnin da ba wanda yake bi. Ashe zauren ma ya fi ɗakina sanyi, don ginin ƙasa ne mai kauri. Muka ajiye shi a kusurwar da rana ba ta kaiwa, na rataya fitilar, na rage ta kaɗan don su huce gajiyar ƙaura. Da magariba ta yi, shuɗin ya malalo ta ƙofar zaure har tsakiyar titi, babu labule babu komai. Dattawan dakalin masallaci suka taso su ga abin kunyar da idonsu. Sai da aka yi ta kiransu sallar isha'i, ɗayansu ma ya bar takalminsa. Yaran unguwa da nake tsoro kuwa, da aka yi musu bayani sau ɗaya, su suka zama masu gadi, ba mai matsowa da abinci a hannu.

Baffa bai jira Talata ba. Ya sa babbar rigarsa ya hau mota sai Bakura. Ya ce wa dattijon akwati ya bar ɗakin yaro, yanzu yana zaurensa, kuma duk Talata shi baƙonsa ne, yaro ko inuwarsa ba zai gani ba. Baffa ya ce mutumin ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar an kama shi da hannu a kwano, sannan ya aika a kira 'yan'uwansa. A zaman nan aka sa rana. Da labari ya iso ni ina tsakiyar aji, na ba ɗalibai hutun da ba ni da ikon bayarwa.

Har yau duk Talata bayan la'asar, da na ji sallamarsa sai in sulale ta ƙofar baya. Su zauna shi da Baffa a gaban gilashin nan suna gardama a kan murjanin da ya fi girma. In suna so a ƙara wuta, sai Baffa ya shiga cikin gida ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, amsa ta sake bin hanyar ta koma. Sau da yawa amsar a'a ce, kuma ba a taɓa yi mini musu ba.

Na daɗe ina jin haushin dattawan dakalin nan, daga baya na gane ba su yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Ni na rufe ƙofa, na saki labule, na bar musu taga su karanta, suka karanta abin da suka iya. Abin da na koya ke nan: in ka ɓoye abu mai kyau, mutane ba za su fasa ba da labarinsa ba, sai dai su ba da shi ba tare da kai ba. Tun daga lokacin, duk abin da nake ƙauna, in dai halal ne, a zaure nake ajiye shi.